Babi na Shida: Masu Gudu da Masu Tsaron Mararraba

Daga tsakiyar Yuli har ƙarshen Satumba, mutumin kudancin Katsina ba ya yi wa kowa alkawarin lokacin isowa. Muddin tafiyarsa za ta sauka daga kwalta, wato daga titin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya wuce Gusau, ko wanda ya tashi daga Funtua ya bi ta Malumfashi ya nufi Yashe, to sai dai ya ce in Allah ya yarda, ya kuma ƙara da cewa in hanya ta yi kyau. Ruwan da ke sauka a wannan yanki yana kaiwa kusan milimita 1,000 a shekara, ya fi na birnin Katsina nesa ba kusa ba, kuma kaso mai yawa a 'yan makonnin marka yake zuba. Ƙasar ma ba irin ta Daura ko Jibiya ba ce mai rairayi, wadda ke shanye ruwan azahar kafin la'asar. Ƙasa ce mai nauyi, mai riƙe damshi. Shi ya sa masara da dawa da auduga da waken suya suka karɓi wurin, shi ya sa kuma in ta kama tayar mota ba ta saki da wuri.

Da yawa daga cikin hanyoyin burjin da suka haɗa ƙauyukan nan da kwalta an yanka su ne a zamanin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya shafi ƙasar Funtua da ta Malumfashi, ya gina ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki, ya kuma zuba marmara a hanyoyin da a da jaki da keke ne kawai ke bi. Shirin ya tashi, hanyoyin suka zama marayu. Wasu gwamnatocin baya sun shimfiɗa musu kwalta, wasu sun koma kwazazzabai. Waɗanda suka rage a tsakani, masu biyuwa da rani, masu wahalarwa da damina, mutanen gari ne ke riƙe da su da hannunsu.

Ga yadda abin yake. An kwana ana ruwa, da safe aka tarar bakin kwalbati ya zabge, wata a-kori-kura ta kafe har gindi da buhunan taki a bayanta. Bayan sallar isha'i liman ya juyo ya ce gobe in Allah ya kai mu akwai aikin hanya, kowa ya fito da abin da yake da shi. Ba a rubuta sunan kowa, ba a yanka wa kowa tara, amma kowa ya san za a lura da wanda bai zo ba. Kafin rana ta ɗaga an hallara da diga da shebur da kwanon sarki da baro. Wani ɗan kasuwa da hatsinsa ke bi ta nan ya biya kuɗin tifa guda ta marmara. 'Yan acaɓa suna jigilar buhunan yashi bibbiyu. Daga cikin gida an aiko yara da bokitin kunu da kwanon ɗanwake. Akwai kuma wani dattijo da ba zai iya ɗaga shebur ba, yana tsaye a kan tudu da sandarsa, kuma in ka lura shi ne mai aikin. Samari sun duƙufa suna cike wani rami sai ya ce, "Kai, ku bar nan. Ruwa ba ta nan yake bi ba. Ku buɗe masa can ta gefen gawon nan, in ba haka ba jibi za mu dawo." Wani ya ce, "Baba, ai nan ne ya fi zurfi." Ya ce, "Na ji. Yi abin da na ce." Aka yi, kuma ba a dawo jibi ba.

Gayyar noma ta ja baya ƙwarai. Maganin feshi ya rage noman firi da maimai, garmar shanu da tarakta sun karɓi huɗa, ƙwadago ya maye gurbin roƙon hannu, kuma sai ka yi damina guda ba ka ji gangar noma ba. Amma gayyar hanya da ta maƙabarta da ta masallaci suna nan da ransu, don babu mai biyan kuɗinsu in ba a yi su haka ba.

A kan waɗannan hanyoyin ne, bayan sallar asuba, za ka ga wasu samari suna gudu. Kashi biyu ne galibi. Akwai 'yan kulob ɗin ƙwallo na unguwa, waɗanda kocinsu ya tilasta wa fita don su yi numfashi. Akwai kuma masu shirin shiga soja ko ɗan sanda ko kwastan, waɗanda suka san a wajen tantancewa za a sa su gudu, kuma wanda ya zube ya koma gida. Makarantar horar da kuratan soja ta Zariya, wadda ke nan tun 1924, ba ta kai tafiyar awa biyu daga Funtua ba, don haka kusan kowace unguwa tana da wanda ya je ya dawo da labari. Waɗannan su ne 'yan tseren yankin, ko da yake ba wanda ke kiransu haka, su ma ba sa kiran kansu.

Mu dai ba mu ɗauki gudu a bakin komai ba. Doki in ya yi sukuwa a yi masa kirari, kuma Katsina ta san darajar wannan tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ya kafa wasan folo a masarautarsa. Ɗan dambe da ɗan kokawa suna da makaɗansu, langa ma tana da 'yan kallo. Amma magidanci ya kama gudu a bainar jama'a, ba kare a bayansa ba gobara a gabansa, sai a fara tambayar lafiya. In ka ga ƙi-gudu sa-gudu ne bai zo ba, in ji masu iya magana, wato gudu abu ne da ake sa mutum, ba abin da yake zaɓa ba. Na sha jin irin wannan musaya a bakin hanya:

"Samari, lafiya? Me ya koro ku?"

"Lafiya lau, Baba. Motsa jiki muke yi."

"Motsa jiki. To madalla. In kun gama akwai fartanya a zaure."

Dattijon yana da gaskiyarsa, wanda ya wuni a duƙe a kunya bai rasa motsa jiki ba. Amma ƙafar gudu ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Zagage sun sha gaban dawakin sarakuna a ƙasa tsawon tafiya. 'Yan farauta da rani sukan wuni suna ratsa ƙaya da kwari a bayan karnukansu, nisan da in aka auna shi da kilomita zai ba masu takalmin kanti kunya. Abin da ba mu yi ba shi ne mu mai da wannan ƙafa wasa mai tsari, in ban da a makarantun kwana.

Wanda ya yi makarantar kwana ta gwamnati a Arewa kafin abubuwa su sukurkuce ya san gudun ratsa daji, wanda ɗalibai ke kira kuros-kantiri. Turawan Ingila ne suka zo da shi, su ma daga makarantunsu ya fito. A farkon ƙarni na 19 ɗaliban makarantu irin su Shrewsbury da Rugby suna wani wasa na zomo da karnuka: mutum biyu su riga fita suna watsa guntayen takarda, sauran su bi sawu ta gonaki da shingaye da taɓo. Daga nan ya zama gasa. An yi ta ƙasa da ƙasa karon farko a 1903 a Hamilton ta ƙasar Sukotlan, aka mai da ita gasar duniya a 1973 a Waregem ta ƙasar Beljiyam. Har yau Ingilawa in suka tashi gasarsu ta ƙasa a tudun Parliament Hill da ke Landan, cikin sanyi da caɓi suke yinta, kuma caɓin ne abin alfaharinsu.

A makarantarmu ranar Asabar ake yi. A tara ɗalibai duka a filin ƙwallo, kowane gida da launin rigarsa, malamin wasanni ya busa usur, a fita ta ƙofar baya. Kilomita ta farko hayaniya ce da ture-ture, kowa na jin shi ne. Da an gangara fadama sai surutu ya mutu. Baƙar lakar fadama ba kamar jar marmarar kan tudu ba ce da ke riƙe tafin ƙafa. Ita mannewa take yi, kowane taku ta ƙara wa kambas nauyi, har ka ji kamar da tubali kake gudu a kowace ƙafa. A nan ake barin takalma. Sai ka ga yaro ya zaro ƙafa da safa kawai, ya tsaya yana shawara ko ya koma ya tono ko ya ci gaba, na bayansa suna ratsa shi suna watsa masa ruwa. 'Yan ƙauye, waɗanda aka raina a aji saboda Turancinsu, a nan suke ramawa. Sun san inda ruwa ya kwanta ya yi ja sau da yawa ƙasansa ya fi ƙarfi, inda kuwa laka ta yi sumul tana sheƙi nan ne tarko. Sun san a taka kan ciyawar gefe, a gajarta taku, kada a tsaya. A ƙarshe kowa ya dawo launi ɗaya, ba a gane rigar gida sai an goge ƙirji.

Abin da ya bambanta wannan gudu da sauran shi ne yadda ake lissafinsa, kuma a ganina nan ne duk daɗinsa yake. Ba a duba agogo. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ma ba ta ajiye tarihin lokaci mafi sauri a gudun ratsa daji, don babu fage biyu da suka yi daidai, kuma fage ɗaya ma yau daban gobe daban. Matsayi ake ƙirgawa. Kowace ƙungiya a ɗauki mutanenta na farko, a ce shida, a haɗa lambobin da suka zo, mai mafi ƙarancin jimilla ita ta ci. Sai ka ga gidan da ya kawo na ɗaya da na biyu da na uku ya sha kaye, saboda mutuminsu na shida ya zo na saba'in, alhali wani gida da ba shi da ko ɗaya a goman farko ya jero mutanensa shida tsakanin na goma sha ɗaya da na ashirin. Wannan lissafi yana canja halin mutane. Gwanin da ya riga ya iso ba ya zama ya sha ruwa, komawa yake yi bakin hanya yana yi wa na shidansu ihu, don kowane mutum guda da wancan ya wuce maki ne. Yaron da bai taɓa cin komai ba a rayuwarsa ya ji gida guda na kiran sunansa. A dambe da kokawa mutum ɗaya ake yi wa kirari. A nan rago ma yana da rana, in dai bai tsaya ba.

Jiki ma yana samun rabonsa. Ƙasa mai laushi ba ta dukan gwiwa da ƙugu kamar kwalta, kuma da yake kowane taku daban yake, idon sawu da ƙananan jijiyoyin ƙafa suna ƙarfi. Hawa da gangara suna sa zuciya aiki fiye da gudun fili. Shi ya sa manyan masu tseren dogon zango suka fito ta wannan ƙofa. John Ngugi na Kenya ya ci gasar duniya sau biyar tsakanin 1986 da 1992, Paul Tergat ya ci biyar a jere daga 1995 zuwa 1999, Kenenisa Bekele na Habasha ya zo ya wuce su duka. Ƙungiyar maza ta Kenya ta riƙe kofin shekara 18 ba fashi, daga 1986 zuwa 2003. Kuma gasar ba ta jin kunyar kowa. A Kamfala a 2017, Joshua Cheptegei yana gaba da tazara mai yawa a gaban mutanen ƙasarsa, sai ƙafa ta ƙi a zagayen ƙarshe, ya ƙarasa yana tangaɗi a matsayi na 30. Bayan shekara biyu ya je Aarhus ta ƙasar Denmak ya cinye.

Kada wani ya ce ina nufin Bakori za ta zama Iten ta Kenya. Iten tana kan tudu mai kusan mita 2,400, Bekoji ta Habasha ta fi haka, Funtua kuwa wajen mita 700 take, kuma tsawon wuri yana da tasiri a jinin mai gudu. Ko a Najeriya 'yan tsaunukan Filato, musamman na wajen Pankshin, su ne ke gaba a wannan fanni. Amma kafin a kai ga maganar tudu akwai maganar kulob. Abin da ya yi Iten shi ne makarantar St. Patrick da wani malami ɗan ƙasar Ailan, Colm O'Connell, da ya zo koyar da labarin ƙasa a 1976 ya zauna yana horar da yara shekara da shekaru. Abin da ya yi Bekoji shi ne wani malamin wasanni, Sentayehu Eshetu, da yaran gari da ke taruwa a wurinsa kowace safiya. Mu kuwa mun ɗauko abin ta wutsiya. An fara tseren Okpekpe a Jihar Edo a 2013, gudun famfalaki na Legas na yanzu a 2016 da kyautar dala 50,000 ga na ɗaya, na Kaduna a 2020. Bukukuwa ne masu kyau, amma rana ɗaya ce a shekara, 'yan Kenya da Habasha su zo su kwashe su tafi. Tarihin gudun famfalaki da Abbas Mohammed ya kafa a Legas a 1990, awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, ya shafe shekara da shekaru ba ɗan Najeriyar da ya taɓa shi, alhali na duniya ya sauko zuwa awa 2 da daƙiƙa 35 a ƙafar Kelvin Kiptum a 2023. Mai gudu a safiyar Talata da Alhamis ake yinsa, cikin 'yan'uwansa, inda in bai fito ba za a je a buga masa ƙofa.

Kulob kuwa, a ko'ina yake a duniya, a wuyan waɗanda ba sa gudun yake. A ranar 2 ga Oktoba 2004 wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt, da rauni ya hana shi gudu, ya tara mutum 13 a lambun Bushy da ke Landan ya riƙe musu agogo suka yi kilomita biyar. Abin da ya fara ke nan ya zama parkrun, wanda yanzu ake yi kowace Asabar a ƙasashe sama da ashirin, har da Afirka ta Kudu, kyauta, kuma duk masu tsayawa a kwana da masu riƙe agogo da mai bin bayan na ƙarshe ba a biyansu ko sisi. Turawa suna rubuta littattafai a kan wannan, suna mamakin kansu. Mutumin Kafur da aka ba shi labari zai ce ai gayya ce.

Muna ma da abin da ya fi gayya tsari. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, da na Izala da aka kafa a Jos a 1978, da na Fityanul Islam, da 'yan Red Cross, su ne ke tsare hanya ranar Idi, su jera sahu a wajen tafsiri, su ɗauki wanda ya faɗi a taron Maulidi. Sun iya riƙe igiya, sun iya magana da direban da ya fusata, wasunsu sun iya ɗaurin rauni, da yawansu da kuɗin aljihunsu suka ɗinka kakin. Duk abin da tseren ƙauye ke bukata sun riga sun iya shi. Ba a dai taɓa gayyatarsu irin wannan ba.

Kuma a yankinmu aikinsu ya fi na takwarorinsu na Landan nauyi, don a nan ba ɓatan hanya kaɗai ake tsoro ba. Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara sun ga abin da suka gani a hannun 'yan bindiga, ƙauyukan Malumfashi da Bakori da Funtua ma ba su tsira ba. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma tun daga ranar babu shugaban makarantar da zai buɗe ƙofar baya ya ce yara su shiga daji, kuma ba mai ganin laifinsa. Yau in mutum talatin suka ɓullo ta bayan gari da sassafe a guje, mata za su suri yara su yi cikin dawa, wani kuma zai ɗauko abin da ya ajiye a bayan ƙofa. Don haka tseren yana farawa ne mako guda kafin a busa usur, lokacin da mutum biyu za su cire takalmi a ƙofar dagaci.

"Ranka ya daɗe, yara ne za su yi gudu ranar Asabar. Za su shigo ta wajen makarantar firamare su fita ta bakin rafi."

"Yaran wa?"

Wannan tambaya ita ce komai. In amsar ta ƙunshi sunayen iyayen da ya sani, da malamin da zai tsaya musu, da shugaban 'yan sintiri ko jami'in rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Oktoban 2023, sai ya ce Allah ya kai mu, ya sa a yi shela. In babu, a haƙura. Akwai hanyoyin da ko da izini ba a bi, kuma 'yan acaɓa sun fi kowa sanin su. Kulob mai hankali da su yake shawara, ya kuma tsaya kusa da gari, ya gwammace a zagaya fage ɗaya sau uku da a miƙa zuwa inda ba a jin kiran salla.

Sai kuma sauran abubuwan da ke cikin ciyawa da ruwa. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun zauna a Malumfashi suna bincike a kan cututtukan yankin, kuma cikin abin da suka fi rubutu a kai akwai tsargiya da sarar maciji. Ba abin da ya tashi daga cikinsu. Kududdufin da ya daɗe yana kwance, mai katantanwa, ba wurin tsoma yara ba ne, komai daɗin da hoton zai yi. Gudu ba takalmi a bayan gari hanyar tsutsar ciki ce. Kububuwa da kasa ba sa jin usur. Dole wani ya bi fagen da yamma ana gobe, da adda da sanda, ya sare inda ciyawa ta rufe, ya kawar da fasasshiyar kwalba, ya karkatar da hanya daga ruwan da bai yarda da shi ba. Takalmin roba na kasuwa ya wadatar, in an ɗaure shi tamau.

Ranar kuma, da yake dawa da masara sun fi mutum tsawo, mai gudu ba ya ganin komai sai bayan na gabansa. Kowace mararraba sai an tsayar da mutum da tuta, kuma ya zama yana hango na gaba da shi ko yana jin muryarsa. Wanda aka ba wannan aiki zai tsaya awa guda a cikin yayyafi, ya ga masu gudu na 'yan mintoci, bai san wanda ya ci ba sai ya dawo. Na tambayi kaina me irin wannan mutum ke samu. Lada na farko, kuma mutanenmu ba sa wasa da wannan, malamai sun sha faɗa cewa gyara wa mutane hanya aikin alheri ne. Amma akwai na duniya. Saurayin da aka aika gaban dagaci ya koyi yadda ake magana da manya. Wanda ya riƙe littafi a bakin layi, yana rubuta lamba da suna da hannu mai rawa yayin da mutum biyar suka afko tare, ya koyi abin da ba a koya masa a aji ba, kuma gobe shi za a ba ajiyar kuɗin ƙungiya. Magidancin da gwiwa ta hana shi ƙwallo ya samu dalilin fitowa cikin samari ba tare da an ce ya zubar da girma ba. A garin da matasa da yawa ba su da abin da ake nemansu dominsa, a ce da mutum "in ba ka zo ba mararrabar nan ba kowa" ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke kashe irin wannan taro kuɗi ne, ba rashinsu ba, shigowarsu ta hanyar da ba ta dace ba. Ranar da wani mai neman kujera ya buga riguna da hotonsa ya raba wa masu tuta dubu bibbiyu, daga ranar an gama. Baɗi ba wanda zai tsaya a mararraba sai an yi ciniki, kuma in zaɓe ya wuce mai hoton ba zai ɗauki waya ba. Mun ga haka a gasar ƙwallon unguwanni ba sau ɗaya ba. Gara a yi karo-karo, mai shago ya ba da ruwan leda, mai gidan burodi ya ba da burodi, kyautar ta zama buhun taki ga ƙungiyar da ta ci, su san yadda za su raba.

'Yan mata fa? Derartu Tulu, wadda ta ci zinare a tseren mita 10,000 a Basalona a 1992, 'yar ƙauyen Bekoji ce da ta tashi tana kiwo. Yarinyar da ke kai tallar fura daga ruga zuwa bakin kwalta ta dawo kullum ba ta rasa ƙafa ba. Ba na jin iyaye a Danja ko Musawa za su bar 'ya'yansu mata su bi samari cikin gonaki, kuma ba sai an tsaya jayayya a kan haka ba. Makarantun 'yan mata na yankin, irin ta Malumfashi da ta tarayya da ke Bakori, suna da filaye a cikin shinge. Da dogon wando da hijabi, malamai mata a kan kwana, iyaye mata a bakin layi, za a yi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, an gama maimai da huɗa, masara ta yi goyo, ba a fara yanka ba, hannun manomi ya ɗan sarara kuma fadama na nan da lakarta. A kauce wa Juma'a da ranar kasuwar da ke kusa, don ranar hanya ta masu kaya ce. A fara da an idar da asuba gari ya waye sarai, a gama kafin ƙarfe tara. A ƙirga waɗanda suka fita, a sa mai babur a bayan na ƙarshe, kada a tashi sai lissafi ya cika. Kuma komai tutar da aka kafa, sai an samu wanda ya yanke kwana ta cikin gonar mutane ya tattake kunya biyu ko uku na gyaɗa. Da yamma mutum huɗu su ɗauki fartanya su je su tayar da ita, su ba mai gonar haƙuri, su tambaye shi ko baɗi ya fi son a bi ta ɗaya gefen.